Bishiyar Auren Kubura

Tun da aka hana kai gudummawar biki, ba kwano ba katifa, duk mai ƙaunar amarya sai dai ya biya a dasa mata bishiya. Ni ma na yaba dokar a majalisarmu ta ƙofar gida, har da jawabi kan hamada. Lokacin 'yata Kubura ba ta isa aure ba.

Yanzu ga ta a ɗakin miji, tukunya ma aro take yi. Uwarta ta tasa ni gaba: "Malam, tunda kai ne gwanin jawabi, je ka gano mana dajin da dangi suka dasa mata. Ko inuwa ce, ta san tana da ita."

Na je gandun da ke bayan gari. Fili ne fetal, sai darbejiya ɗaya tal, a rame kamar ni. Mai gadi ya tambayi sunan amarya, ya shiga rumfa ya fito da farantin ƙarfe mai sunan Kubura. Ya cire na wata Hansatu daga jikin bishiyar, ya rataya namu.

"Alhaji, ɗauki hoto da wuri, iyayen wata suna hanya."

"Sauran bishiyoyin fa?"

"Ai auren ne ya yi yawa, ruwa kuwa babu."

Na ɗauki hoton, har da murmushi, don ba ni da zuciya. Amma na cusa farantin cikin babbar riga, na kai wa Kubura. Ta jujjuya shi, ta ce, "Baba, zai yi murfi."

Saura tukunyar.