Ja a Kwalba, Kore a Na'ura

Zauna ka ji, kai da tambaya ke yi wa nauyi a baki. An yi wani ɗalibi a wata makarantar koyon aikin gona, mai kai ne ƙwarai, kuma ya san da haka, to nan ciwon yake. Aikinsa na kammala karatu shi ne ya gano ƙwayoyin gadon da ke farkawa a jikin gero idan ƙishirwa ta kama shi. Aka ba shi ɗan gilashi mai faɗin yatsa biyu, a kansa ɗigo dubbai, kowane ɗigo na wakiltar ƙwaya guda. Za a tatsi saƙon ƙwayoyin daga ganyen geron da aka hana ruwa a rina shi da rinin da na'urar duba gilashin ke nunawa ja, na geron da ya ƙoshi kuma da mai nuna kore, a gauraya a zuba kan gilashin. Ɗigon da ya yi ja, ƙishirwa ta tada ƙwayarsa ke nan. Wanda ya yi kore, ta kwantar da ita. Ranar rini ya tarar da kwalabe biyu, ɗaya ja-ja, ɗaya shuɗiya, ba komai a jikinsu sai lamba. Bai ga kore ba. Dattijuwar da ke kula da ɗakin gwajin tana taku uku daga gare shi. Ya buɗe baki, ya ga 'yan ajinsu na kallo, ya haɗiye. Shi da ake kawo wa tambaya? Ja ai ja ne. Ya zuba wa geron ƙishirwa ja-jan.

Wata huɗu yana rubutu, shakkar nan na cin sa a ciki, bai faɗa wa kowa ba. Ranar kare aiki ya tsaya gaban malamai uku, ya san idan ya faɗi sai baɗi. Yana cikin zuba bayani babbansu ya haɗe rai, domin a lissafinsa geron da ƙishirwa ta kusa kashewa shi ke ta harkar girma, ƙwayoyin da aka sani da tare fari kuwa suna barci. Ya ce, "Wane rini ka zuba wa geron ƙishirwa?" Ɗalibin ya amsa da cewa ja-jan. Malamin ya cire tabarau, ya sa aka kira dattijuwar.  Da ta iso, ta bayyana cewa ja-jan kore yake fitowa a na'ura, shuɗin ne ke fitowa ja. Duk ƙwayar da ɗalibin ya ce ta farka, barci take. Ta dube shi da tausayi ta ce, "Ɗana, ai ina kusa da kai ran nan." 'Yan ajin da ya ji kunyarsu suka kammala karatu suka bar shi a makarantar.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, matambayi ba ya ɓata.