Agogon da Ya Koyi Jira

Tak. Tak. Tak. Baba Shu'aibu ya ɗaga ƙafar dama ya sauke, ya ɗaga ta hagu. 'Yarsa Ummusalma tana biye da shi, rungume da ɗan akwatin katako a cikin hijabi, idonta kur a kan dugadugansa.

Agogon Baba ake ce wa akwatin a gidansu na Laranto, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ƙarfe nawa ba. Metronom ne, abin da makaɗa ke daidaita saurin kiɗa da shi. Tun Baba yana busa ƙaho cikin 'yan badujala yake da abinsa, kuma maganarsa a kai ba ta sauyawa: wannan ba ya jiran kowa, ko ka bi shi ko ka sha kunya a gaban jama'a.

Da ciwon karkarwa ya kama shi sai ƙafafu suka soma yi masa gardama. Yana cikin tafiya sai su manne da ƙasa, ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi. Amma da zarar ya ji bugun nan sai su tuna aikinsu. Likita ya ce kada a kuskura a fasa zagayen tsakar gida, don in tsoho irinsa ya kwanta a sanyin Jos ƙirji zai cushe, tashinsa kuma sai wani ikon Allah.

Matarsa Kubra ce ta riƙe wannan aiki shekara da shekaru, kullum bayan la'asar. Ba ta yarda kowa ya taɓa akwatin, balle ya buɗe murfinsa. Wai iska na ɓata shi.

Da damina Allah Ya yi mata rasuwa. Matan da suka yi mata wanka suka zare zoben azurfarta suka zura wa Ummusalma, ya zauna daram. Bayan an watse zaman makoki ta ɗauki akwatin ta rungume yadda ta saba ganin uwarta na yi, alhali ko kunna shi ba ta iya ba. Kafin ta gama tunani ya soma bugawa. Wallahi sai da ta yi kukan daɗi.

Sai dai fa agogon nan ya koyi jira. In Baba ya gaji, bugun ya sassauta. In tari ya sarƙe shi, sai a ji tsit har ya gama. Shi kuwa ko waiwaye ba ya yi, sai dai ya ce, "A hankali, Kubra." Ummusalma takan share hawaye ta ce tsufa ne da kewa. Yatsanta ya riƙa yi mata tsami, ta ɗora laifin kan wanki da ruwan sanyi.

To, mijinta yana can Kuru, ya yi kawaici har ya gaji, yara kuma sun koma makaranta. Aka shirya ƙanenta Ashraf zai karɓi aikin. Ranar gwaji ya rungumi akwatin, shiru. Ya girgiza, ya murɗa makullin gefe, makulli ya yi ta juyawa a banza. Baba ya ƙame a tsakiyar gida, gumi na tsiyaya, leɓe na rawa, sai ɗaukarsa suka yi zuwa ɗaki. Hankalin Ummusalma ya tashi ƙwarai. In ta tafi ta bar shi haka, ta san gadon nan shi ne na ƙarshe.

Washegari da rana ta kai wa Oga Chimezie, tsohon mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Yana ganin akwatin ya cire tabarau, ya yi magana da gurguwar Hausarsa.

"Na san wannan. Na Hajiya Kubra ne. Ina shi Mama?"

"Ta rasu, Oga."

"Ayya, sannu. Mutum mai kirki." Ya shafa gefen katakon, inda fenti ya goge har ya yi ɗan rami. "Amma, Madam, me zan gyara? Ni na kwashe kayan ciki da hannuna, ya daɗe sosai. Sifirin da ke motsa shi ya karye, babu irinsa a Jos. Mama ya ce in rufe kawai, kar maigida ya sani. Da zobe yake buga masa, nan wurin."

Ya ɓalle murfin ya nuna mata. Wayam, ko ƙusa babu, sai saƙar gizo.

Ummusalma ta dafa teburin gilashin da ke gabansa. "Ai har shekaranjiya yana bugawa," ta ce. "Da kunnena na ji."

Can masallacin 'yan kasuwa aka yi sallamar la'asar. Ta san yanzu Baba ya sauko da ƙafafunsa bakin gado, yana jira.

Tak. Tak. Tak.

Chimezie ya ja da baya, akwatin a buɗe a hannunsa, amma ba shi yake kallo ba. A kan gilashin, yatsan Ummusalma mai zoben ne ke tashi yana sauka, kuma ba ita ke ɗaga shi ba.