Gurbin Tsakiya

Ranar da kamfani ya sanar zai rufe wasan da suke bugawa a waya, Malam yana kwance a zaure da karayar hannu, ciyawa kuma tana cinye masa gyaɗa a gonarsa ta Zinyau.

Shekara tara suna buga wasan yaƙin nan a waya. A da rundunarsu ta kai mutum ɗari, amma aure da neman abinci suka yi ta zaftare su har suka rage su bakwai. Bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Abin da ya sani, in an shiga fage, uku suna tsayawa dama, uku hagu, shi a tsakiya.

Ya aika musu saƙon murya: "Ku yafe ni, ba zan samu yaƙin bankwana ba. Babur ya kayar da ni a nan Zinyau, ko noma na kasa. Na gode da zaman tare."

Ba wanda ya amsa. Abin ya yi masa ciwo, ya kife wayar.

Ran Asabar da hantsi maƙwabcinsa ya yi sallama. "Malam, gayya ka kira ba ka gaya mana ba? Ga baƙi can sun yi ta tambayar gonarka."

Ya tafi da hannu a rataye. Babura a gindin ɗorawa, mutum shida sun duƙa, wani ma da ganin riƙon fartanyarsa bai taɓa noma ba. Uku dama, uku hagu, sun bar kunya ɗaya a tsakiya.

Wani mai furfura ya ɗago yana share gumi. "Shigo gurbinka mana, Malam. Kai dai taka kawai, mu za mu nome ta."