Asalin Ramsden

Hajiya Murjanatu ba ta yi boko ba, amma duk unguwar Port Saeed ta Dubai babu wanda ya kai ta sanin asalin sunan Ramsden.

Badaru ne ya koya mata, ba da son ransa ba. Ofishin kago gare shi a bakin ruwa, inda ake aika kaya ta jirgi, ita kuma 'yar kasuwa ce daga Kano, mai sarin abaya da turare. Duk zuwan da za ta yi Dubai, da ta gama auna kaya sai ta ja kujera kusa da kwamfutarsa.

"Ɗan nan, duba min sunan nan."

Ya duba. Asalinsa sunan wuri ne a arewacin Ingila. Wasu masana sun ce ma'anarsa kwarin raguna, wasu sun ce kwarin tafarnuwar daji. Ya nuna mata taswirar inda masu sunan suke: ɗigo-ɗigo sun yi cincirindo a Yorkshire, wasu sun fantsama Kanada da Ostireliya. Ta tambaya ko masu zumunci ne. Ta tambaya yadda suke yi da ƙananan yara in ƙanƙara ta sauko. Kwamfuta ba ta da wannan amsar.

Ramsden ɗin da ake ta wahala a kansa kuwa yana nan kusa. Mai duba kwantena ne a wani kamfanin jiragen ruwa, yana leƙo ofishin Badaru a kai a kai. Baƙi ne dogo, ya ba arba'in baya, Turancinsa ta hanci. 'Yan kasuwa suka yanke hukunci irin 'yan Jamaika ne, magana ta ƙare. Mutumin kirki ne, har "sannu" ya koya.

Hajiya ce kaɗai ba ta amsa sannunsa. Matar da ke kiran kowa da sunansa, har Ba'indiyen da ke kawo shayi, da Ramsden ya shigo sai ta ja mayafi ta juya fuska bango. In zance ya zama dole, sai ta ce "wancan mutumin". Kuma shi ne ya taɓa tsare mata kwantena ana gab da salla, kasuwar ta wuce ta. Ba ta ce uffan ba. Badaru dai ya san ba kowane shiru ne haƙuri ba.

Rannan bincike ya kai su kan hoton wata baturiya Ramsden, ma'aikaciyar jinya da ta yi aiki a wani asibiti a arewacin Nijeriya shekara arba'in da wani abu da suka wuce. Ta koma gida, ta rasu, ba ta taɓa aure ba. Hajiya ta nemi ruwa. Ta ce ya ƙara girman hoton, ta daɗe tana kallo.

Nan gaban Badaru ya faɗi. Daga taswira an koma kan matan gidan! Wa bai sani ba, malami ba ya aiki a kan mutum sai da sunan uwarsa? Washegari ya hango ta a tsallaken titi, ta raɓe jikin shago, tana kallon Ramsden yana shiga mota.

Badaru mai tsoron Allah ne, kuma mai saurin gamsuwa da hankalinsa. Ya tare Ramsden ya zayyana masa komai: tsohuwar nan ta ƙullace shi, tana tono danginsa, tana bibiyarsa. Ramsden ya yi dariya da fari. Da ya kama ta da idonsa a tsallaken titin, dariyar ta tsaya. Dama kamfani ya daɗe yana son mayar da shi Singapore yana ƙi. Wannan karon ya karɓa.

Bayan babbar salla Hajiya ta dawo. Ba ta ja kujera ba. Ta ajiye ƙullin leda a kan tebur.

"Ka ba wancan mutumin."

"Khalas, shi ke nan, Hajiya, ya bar ƙasar. Ni na gargaɗe shi." Badaru ya ture ledar da biro, don kada ya taɓa. "Ki ji tsoron Allah. Na san sunan uwarsa kike nema."

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta zauna a hankali, ta kwance ledar. Hula ce, zanna, aikin hannu.

"Da ido na auna kansa," ta ce, "shi ma a sace."

Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

"Ina kwance da tarin fuka, an cire rai da ni, baturiyar nan ta karɓe shi riƙo yana rarrafe. Kafin in warke ta tafi da shi ƙasarsu. So nake kawai in san irin mutanen da ya tashi a cikinsu. Ɗana ne na fari, Badaru, da wane ido zan kalle shi? Sunan uwarsa kuwa ba sai ka duba min ba. Murjanatu."