Babu Gyara Sai An Gaisa

"Sannu da aiki, Malama. Akwai ɗan kuskure, mu gyara tare."

Na daɗe ina kallon saƙon, amsar aikin farko da na tura bayan dawowata. Rabona da ƙungiyarmu ta masu haɗa manhaja kyauta a Gusau shekara uku, tun ranar da babbanmu ya yi wa aikina dariya a gaban kowa, ya ce in koma Tsafe in kama noma.

Da na dawo, sai na tarar da sabuwar ƙa'ida: babu gyara sai an gaisa.

Na tambayi ƙawata, "Wa ya kawo ƙa'idar nan? Ina so in gode masa."

Ta ce, "Wanda ya kore ki. Dubi kwanan watan da ke ƙasanta."

Na duba. Washegarin tafiyata ne.