Gurbi na Goma Sha Uku

Koci Harlan Pruitt ya tsayar da motarsa a inuwar bishiyar ƙofar gidan, ya kashe inji, ya ci gaba da zama. Lahadi ce, an taso daga coci, rana ta take. A kujerar gefensa akwai takarda cikin ambulan, kuma ranar Laraba za a rufe ɗaukar 'yan wasa.

Gurbi goma sha uku Kwalejin Bellwater ke da shi na karatu kyauta ga 'yan ƙwallon kwando. Sha biyu a cike suke. Na sha ukun tun watan Janairu yake wayam, kuma gurbin mai raba ƙwallo ne, wanda in babu shi sauran sai su yi ta karo da juna kamar awaki a ƙofar garke. Wasa tara suka buga a haka, suka sha kashi a takwas. Hukumar kwalejin ta gaya wa Pruitt ba ɓoye-ɓoye: ko ya cike gurbin, ko ya nemi kwalin kwashe kayan ofis.

Mu nan Mississippi mun san Pruitt da daɗin baki. Shekara ashirin yana shiga kicin ɗin iyaye mata, ya yaba girki ko da gishiri ya zarce, ya fito da 'ya'yansu a aljihu. Bana kuwa bakin ya mutu. Mataimakansa sun kawo masa suna goma sha ɗaya, wasu an riga shi, wasu ba su kai ba. Ɗaya ne kawai ya dace da gurbin kamar da jikinsa aka auna: Cornell Tillery, ɗan shekara sha takwas, wanda manyan jami'o'i uku suka nema ya ƙi, ya ce shi Bellwater ko a fasa. Wasiƙa huɗu yaron ya aiko. Pruitt bai amsa ko ɗaya ba sai da sunayen suka ƙare.

Ya ɗauki ambulan, ya fito. Karen gidan ya ɗaga kai, ya kaɗa jela, ya koma barcinsa. Pruitt ya tsallake matakala ta uku mai ruɓaɓɓen katako, ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Cornell ne ya buɗe, baki har kunne. "Mama! Ban gaya miki ba? Kika ce sai dai a mafarki!"

Odessa Tillery ba ta ko cire rigar coci ba. Ta ajiye wa baƙon soyayyen kifi da burodin masara, da shayi mai ƙanƙara wanda ba a sa wa sukari ba, ta zauna tana kallonsa.

"Ka rame, Koci."

"Yawan tafiya ne, Madam."

"Yawan tafiya. To, ci mana."

Ya gutsuri burodin, ya ajiye sauran.

Yana da karatun da ya haddace domin irin wannan tebur. Ya fara shi tiryan-tiryan: ɗakin kwana, malamai, digiri bayan shekara huɗu. Ƙarshen karatun shi ne, ki ba ni shi, zan riƙe shi kamar ɗan cikina. Da wannan kalmar ya sha raba uwa da ɗa suna dariya. Yau da ya iso gaɓar sai ya tsallake ta. Ya zaro sakamakon gwajin lafiyar Cornell ya tura mata: likita uku daban-daban, alhali ɗaya ƙa'ida ta nema.

"Koci, riga mai lamba sha biyu nake so," in ji Cornell.

"Ba ma ba da wannan lambar."

"Ni za ka ba."

"Cornell," in ji uwar, "je ka ba kare ruwa."

"Haba Mama, yanzu fa ya sha."

"Ya ƙara."

Yaron ya fita yana gunaguni. Can sai ga ƙarar ƙwallo a kan simintin bayan gida, dum, dum, dum.

"Gaya mini gaskiya," in ji Odessa. "Don shi ka zo, ko don kujerarka?"

Pruitt ya sunkuyar da kai. "Don kujerata, Madam. Da ina da wani, ba za ki ga ƙafata a gidan nan ba."

"Da ka ce don shi ne, da tsintsiya zan raka ka." Ta jawo ambulan ɗin. "Na roƙe shi, na yi kuka, na haɗa shi da fasto. Ya ce in na hana shi sa hannuna, zai jira har ya kai shekara ashirin da ɗaya, lokacin da ba ya buƙatarsa. Kai ka san kafiyar gidan nan."

Ta karanta takardar layi-layi, ba ta tsallake ko ɗigo ba. Pruitt ya miƙa mata biro, ta ƙi karɓa, ta ɗauko nata a jakar coci. Ta rubuta sunanta cikakke.

Gurbi ya cika, aiki ya tsira. Shekara ashirin yana karɓar irin wannan takarda da murna, yau kuwa ji ya yi ina ma ta yaga ta. Ya sa hannu zai ɗauka, sai ta dafe takardar da tafinta.

"Tillery na biyu ke nan da na ba ka a kan teburin nan," in ji ta. "Yayansa, mai lamba sha biyu, a cikin akwatin gawa ka dawo mini da shi a watan Janairu, Koci. Wannan ka dawo mini da shi da ƙafarsa."