Kowace Kalma Tasa Ce

An kunna fitilun zauren, amma ba wanda ya tafa sai da Farouk ya hau dandamali. A lokacin ma rabin mutanen ne suka tafa, sauran suka naɗe hannu.

Maimunat tana layin gaba, a kujerar da aka keɓe wa matar mai fim. Yau ne ta fara ganin fim ɗin. Shekaru Farouk ya yi yana wannan aiki, har filinsa na Jikwoyi ya sayar saboda shi, kuma duk lokacin da ta ce ya nuna mata ko kaɗan ne, sai ya ce ta bari a gama.

Labarin wani magini ne da ya yi imani cewa mutane kaya ne, wanda ya ɗauke su ba zai hau sama ba. Ya watsar da iyayensa, ya watsar da abokai. A tsakiyar fim ya ja abokin kasuwancinsa zuwa wani kango a bayan Dei-Dei, daga nan ba a sake nuna abokin ba. Da gari ya waye aka zuba kankare a wurin. Har fim ya ƙare ba a kama maginin ba, bai yi ciwo ba, bai yi nadama ba. Benensa ya fi na kowa tsawo a garin.

Dominic, wani malamin jami'a, shi ya fara karɓar makirufo. Ya ce wannan guba ce aka zuba a kwano mai kyau, a ƙasar da kowa da taimakon dangi ya yi karatu. Precious, 'yar jarida, ta katse shi. Ta ce duk wanda ke zauren nan sai da ya taka wani kafin ya samu kujerarsa, laifin fim ɗin kawai ya ƙi yin ƙarya. Wani dattijo ya ce shi bai nemi da yawa ba, ko mota ce ai da ta buge mugun a ƙarshe.

Farouk ya yi murmushi. "Ban ce ku so shi ba," in ji shi. "Cewa na yi ku kalle shi."

Maimunat ba ta ji rabin abin da ake faɗa ba. Ruwan da aka ajiye mata ma ba ta buɗe ba. Da ta ɗaga hannu, mutane suka yi dariya, wai madam ma tana da ƙorafi.

Ta tambaya game da wurin da abokin ya tsaya a bakin kangon ya kira ƙanwarsa a waya, ya ce, "Sarkin kuka, ki ajiye min ƙanzon shinkafa, yanzu zan dawo." Ta ce ko ɗan wasan ne ya ƙaro wannan da kansa?

Farouk ya girgiza kai. Ya ce a fim ɗinsa ba mai ƙara ko harafi. Kowace kalma tasa ce, daga kansa ta fito.

Aka tafa masa. Ita ma ta tafa.

Bayan la'asar suka fito, cunkoson Wuse ya riƙe su. Farouk bai kunna rediyo ba, shi da ba ya tuƙi shiru. Ya ɗan jima yana buga yatsa a sitiyari kafin ya ce, "Me ya sa wannan tambayar?"

Ta ce wurin ne ya taɓa mata zuciya.

Ya juyo ya dube ta, bai ɗauke ido ba har sai da tasin da ke bayansu ya danna hon. Sannan ya miƙa hannu ya kulle ƙofofin, ya ce saboda ɓarayin waya. Da suka iso kwanar gidansu bai rage gudu ba.

Maimunat ta ƙura wa titi ido. Ba ta taɓa gaya wa kowa kalmomin nan na ƙanzon shinkafa ba, ko 'yan sanda, ko mahaifiyarta. Su ne na ƙarshe da yayanta Kabir ya faɗa mata a waya ranar da ya ɓace, Kabir ɗin da Farouk ya sha rantse mata cewa bai taɓa ko ganinsa ba.